Wa Ke Ba Yaƙi Babban Baƙi a Turanci?

Ba'amurke idan ya rubuta “the Civil War” da manyan baƙaƙe, ba ya buƙatar ƙarin bayani. Duk mai karatu a ƙasarsa ya san yaƙin 1861 zuwa 1865 ake nufi, wanda jihohin arewa da na kudu suka gwabza a kan mallakar bayi. Mutumin Ingila idan ya rubuta haka, hankalinsa na kan rikicin da ya ɓarke a 1642 tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da majalisa, wanda ya kai ga fille kan sarkin a 1649. Ɗan jarida a Legas ko Kaduna kuwa yaƙin Biyafara yake nufi, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970. Amma su ukun duka, idan za su ce ana yaƙin basasa a Sudan tun Afrilun 2023, “a civil war” za su rubuta da ƙananan baƙaƙe. Kalmomin dai su ne, aikin da aka ɗora musu ne ya bambanta.

Tushen ƙa'idar gajere ne. Turanci na ba sunan yanka babban baƙi, ya bar suna gama-gari da ƙarami. Musa da Katsina da Afirka ba sa wahalar da kowa, don ba su da wani aiki sai na suna. Inda gizo ke saƙa shi ne sunayen yaƙe-yaƙe da na yankuna, domin da kalmomin yau da kullum ake gina su: “war”, “north”, “gulf”, “delta”, “middle”, “cold”. Kowace cikinsu tana da ma'anarta ta kasuwa, kuma tana iya shiga cikin suna ta yi zamanta. Mu ma mun san irin wannan. Sabon Gari na Kano ya haura shekara ɗari, ba wanda ke jin wata sabunta idan an ambace shi, domin kalmomin biyu sun daina siffanta unguwar sun koma kiranta. Abin da babban baƙi ke gaya wa mai karanta Turanci ke nan: siffantawa ta ƙare, an raɗa suna. Sauran wahalar duka tana cikin tambaya guda, wato yaushe ne aka raɗa sunan, kuma wa ya isa ya ce an raɗa.

Akwai dalilin da ya sa abin ke ba mu wuya fiye da wasu. Larabci ba shi da babban harafi da ƙarami, ajami ma haka. Ta hanyar boko wannan bambanci ya shigo mana, kuma da yawanmu abin da muka ɗauka daga aji shi ne cewa babban baƙi girmamawa ce. Shi ya sa takardun ofis a Najeriya suka cika da “Government” da “Committee” da “Meeting” da “Staff” a tsakiyar jimla, kowace kalma da rawaninta. Ba na ganin laifin masu rubutun kacokan, don Turancin kansa ya taɓa yin haka. A ƙarni na 17 da na 18 masu ɗab'i a Ingila suna ba kusan kowane suna mai nauyi babban baƙi. Wanda ya duba tsarin mulkin Amurka na 1787 zai ga “People” da “Justice” da “Blessings of Liberty” a jimlar farko. Daga baya aka yi ta rage abin har ya tsaya a kan sunayen yanka. Jamusanci har yau kowane suna da babban baƙi yake farawa, mutanen Denmark kuma sai a 1948 suka daina.

Wani abin lura shi ne Turanci ba shi da hukuma guda da ke yanke hukunci, saɓanin Faransanci da ke da majalisar harshe tun 1635. Maɗaba'u da gidajen jaridu ne ke riƙe da sandar. Maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fara fitar da ƙa'idojinta a 1893, ta Jami'ar Chicago a 1906, kamfanin dillancin labarai na AP kuma ya fitar da kundinsa a sigar da aka san shi da ita a 1953. Kowane gida da nasa tsarin. Don haka duk wanda ya ce maka “ƙa'idar Turanci ta ce”, tambaye shi ta wane gida.

A fagen yaƙe-yaƙe akwai abin da kusan kowa ya yarda da shi. Cikakken sunan da ya samu karɓuwa yana ɗaukar manyan baƙaƙe, ban da ƙananan kalmomin haɗi: “World War II”, “the Vietnam War”, “the War of 1812”, “the Battle of Hastings”. Da zarar an yar da sunan aka koma ambaton yaƙin a taƙaice, sai a koma ƙarami: “the war ended in 1945”. Haka idan aka tara su a dunƙule, “the two world wars”. Nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, su ga tunda babban yaƙi ake magana a kai, to ko'ina aka ambace shi sai an ɗaga harafin. Girman yaƙin ba shi da ruwa da lamarin. Yaƙin da ya ci rayukan miliyoyin mutane “the war” ne a jimla ta biyu, yaƙin da Ingila ta yi da Zanzibar a 1896, wanda bai kai awa guda ba, shi kuma “the Anglo-Zanzibar War” ne da manyan baƙaƙensa cif.

Daga nan sai hanyoyi su rabu. AP da Chicago suna rubuta “World War II” da “the Cold War”. BBC na rubuta “World War Two”. Jaridar Guardian ta Landan da mujallar Economist kuwa “second world war” da “cold war” suke rubutawa, babu babban baƙi ko ɗaya, Guardian har da “Vietnam war” da “Gulf war”. Hujjar masu wannan salo ita ce shafin da ya cika da manyan baƙaƙe yana gajiyar da ido, kuma mai karatu ba yaro ba ne, ya san yaƙin da ake nufi. Ina ganin hujjar tana da ƙarfi a wasu wurare, amma a nan an yi asara. Ɗauki yaƙin cacar baka. Wanda ya rubuta “the Cold War” ya nuna zaman doya da manja na Amurka da Tarayyar Sobiyet daga bayan 1945 zuwa 1991. Wanda ya rubuta “a cold war between the governor and his deputy” ya ari kalmar ne don rikicin gwamna da mataimakinsa. Harafi guda ya raba tarihi da aron magana, kuma a ganina bai kamata a zubar da kayan aiki mai arha irin wannan ba, musamman ga mai karatun da Turanci ba harshen gidansu ba ne.

Abin da ƙa'idar ba ta faɗa a fili shi ne suna yana zuwa a makare. Waɗanda suka yi yaƙin 1914 zuwa 1918 “the Great War” suka fi kiransa, sai da na 1939 ya zo kafin lambar “na ɗaya” ta zauna masa a bakin jama'a. Yaƙin Ingila da Faransa na 1337 zuwa 1453 ba wanda ya yi shi da ya san sunansa “the Hundred Years' War”; masana tarihi ne suka raɗa masa a ƙarni na 19, kuma shekarunsa 116 ne. Sunan ma yakan yi ƙaura. A shekarun 1980 jaridun Turanci da dama “the Gulf War” suke kiran yaƙin Iran da Iraƙi, da Iraƙi ta mamaye Kuwait a 1990 aka yi yaƙin 1991 sai sunan ya koma kansa, na farkon ya zama “the Iran-Iraq War”. Wannan ne ya sa editoci masu taka-tsantsan suke rubuta “the war in Ukraine” ko “the war in Sudan” da ƙaramin baƙi muddin ana cikin yi. Ba raina yaƙin suke yi ba. Jira suke su ga sunan da zai tsaya.

To amma ba lokaci kaɗai ke raɗa suna ba, masu mulki ma suna da hannu a ciki, kuma sau da yawa ƙoƙarinsu shi ne kada kalmar “war” ta fito ko kaɗan. A 1950 Shugaba Truman ya amince a kira shigar Amurka yaƙin Koriya “police action”, don majalisa ba ta ayyana yaƙi ba. Da wannan lafazin gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fara farmakinta a kan Biyafara a Yulin 1967, sai da sojojin Biyafara suka kutsa Jihar Yamma ta Tsakiya a watan Agusta kafin aka fito fili aka ce yaƙi ne gadan-gadan. A Fabrairun 2022 Rasha ta kira mamayar Yukiren “aikin soja na musamman”, hukumar kula da kafafen labaranta kuma ta hana jaridu cewa yaƙi ne. Turawan Ingila sun ƙware a wannan fanni tun da daɗewa. Yaƙin da suka yi a Malaya daga 1948 zuwa 1960 “the Emergency” suka kira shi, haka na Kenya da 'yan Mau Mau daga 1952. Shekaru talatin na zubar da jini a Ireland ta Arewa, da suka ci rayuka fiye da 3,500 kafin yarjejeniyar 1998, “the Troubles” ne sunansu. Dubi abin da babban baƙi ya yi a nan. Ya ɗauki kalma mai sanyi, ta gujewa gaskiya, ya mai da ita sunan dindindin, har ta kai yau masu tarihi ba su da wani sunan da ya fi shi karɓuwa.

Wani lokaci kuma sunaye biyu ne ke kokawa, kowanne da manyan baƙaƙensa. Yaƙin Oktoban 1973 “the Yom Kippur War” ne a Isra'ila da yawancin jaridun Yamma, a ƙasashen Larabawa kuma “the October War” ko “the Ramadan War”. Abin da Amurkawa ke kira yaƙin Vietnam, mutanen Vietnam yaƙin Amurka suke ce masa. Tawayen 1857 a Indiya ya daɗe a littattafan Ingila da sunan “the Indian Mutiny”, wato boren sojoji a kan shugabanninsu, Indiyawa da yawa kuma yaƙin 'yanci na farko suke kiransa. Misalin da ya fi taɓa ni na Najeriya ne. A ƙarshen 1929 dubban mata a lardunan Owerri da Kalaba suka tashi a kan jita-jitar za a ɗora musu haraji da kuma zaluncin hakiman da Turawa suka naɗa. An harbe fiye da hamsin daga cikinsu. Rahotannin gwamnatin mulkin mallaka “the Aba Riots” suka rubuta, tarzoma ke nan ta gari guda. Matan da kansu yaƙin mata suka kira shi da harshen Ibo, kuma masu tarihi na baya-bayan nan suka bi su, suna rubuta “the Women's War”. Duka sunayen biyu sun cika ƙa'idar nahawu, amma ɗaya yana cewa hayaniya ce aka kwantar, ɗayan yana cewa mutane ne masu manufa suka yi fito-na-fito da hukuma. Ko yaƙin 1967 ɗin ma haka yake: “the Nigerian Civil War” na ɗauka ƙasa guda ce ta yi faɗa da kanta, “the Nigeria-Biafra War” kuma na ɗauka ƙasashe biyu ne suka kara. Marubucin da ya zaɓi ɗaya ya ɗauki matsayi, ko ya sani ko bai sani ba.

Tarihinmu na nan kusa ma bai tsira ba. Jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804 wasu littattafan Turanci “the Fulani War” suke kiransa, wasu “the Sokoto Jihad”, kuma tazarar da ke tsakanin yaƙin ƙabila da yunƙurin addini ba ƙarama ba ce. Basasar Kano da ta ɓarke a 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa ta samu “the Kano Civil War”. Gumurzun Tabkin Kwatto na 1804 da na Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, sun cancanci “Battle of” da babban baƙi kamar yadda ake ba Hastings da Waterloo na tarihin Turai, kuma marubucinmu bai kamata ya jira wani edita a ƙetare ya ba shi izini ba. Rikicin Boko Haram kuwa, tun 2009 ake fama, ya raba miliyoyi da gidajensu a ƙasashe huɗu na yankin Tafkin Chadi, amma har yanzu “the Boko Haram insurgency” ake rubutawa, kalmar ƙarshe da ƙaramin baƙi. Bayani ne, bai zama suna ba tukuna.

Idan aka koma ga yankuna, tambayar ɗaya ce amma kayan aikin sun sauya. Gabas da yamma da kudu da arewa idan hanya suke nunawa, ƙarami ne: “drive north from Zaria”, “the wind came from the east”. Idan wani ɓangare na ƙasa suke siffantawa ba tare da wata iyaka ta hukuma ba, nan ma ƙarami ne: “northern France”, “eastern Chad”, “southern Niger”. Idan kuwa sun shiga cikin sunan ƙasa ko jiha, ko yankin da duniya ta san shi da wannan sunan, sai su ɗauki babba: “Northern Ireland”, “South Korea”, “Western Australia”, “North Darfur”. Ana iya cewa wannan ai da sauƙi, kuma galibi haka ne. Amma kuskure a nan yakan kai mai karatu wata ƙasa dabam. “South Africa” ƙasa ce guda, “southern Africa” kuma ya haɗa da Namibiya da Botswana da Lesotho da maƙwabtansu. Tun 9 ga Yulin 2011 “South Sudan” ƙasa ce mai babban birni a Juba, saboda haka wanda ya rubuta “southern Sudan” a yau yana nuni ne da kudancin abin da ya rage, wajajen Kordofan ta Kudu da Blue Nile. A Ghana “the Northern Region” jiha ce mai hedikwata a Tamale, alhali Bolgatanga da Wa sun fi Tamale arewa kuma ba sa cikinta; suna dai cikin “northern Ghana”.

Na Kamaru ya fi duka rikitarwa. “Southern Cameroons”, da babban baƙi da harafin jam'i a ƙarshe, sunan yankin da Ingila ta riƙe amana ne, wanda a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ya zaɓi haɗewa da Jamhuriyar Kamaru, yayin da “Northern Cameroons” ya zaɓi Najeriya ya zama Lardin Sardauna. Wannan yanki, na Bamenda da Buea, a yammacin Kamaru ta yau yake, kudancinsa na dangane ne da ɗan'uwansa na arewa a zamanin Turawa. Shi kuwa “southern Cameroon” da ƙaramin baƙi wajen Ebolowa ne, can kudu ta ɓangaren iyakar Gabon. Tunda rikicin masu magana da Turanci ya ɓarke a 2016, tsohon sunan ya sake rayuwa a bakin masu neman ɓallewa, don haka ɗan jaridar da ya yi amfani da shi don bayanin yau, ba na tarihi ba, ya shiga maganar da wataƙila bai yi niyya ba.

Akwai kuma sunayen da suka rabu da alƙibla gaba ɗaya. “The Middle East” daga Turai aka auna shi; wani hafsan sojan ruwan Amurka, Alfred Thayer Mahan, shi ya yayata lafazin a 1902, kuma ga mutumin Indiya yankin yamma yake, shi ya sa jaridunsu ke cewa “West Asia”. “The West” ya haɗa da Ostireliya da ke kudu maso gabashin duniya. “The Global South” ya haɗa da Najeriya da Nijar da Indiya, waɗanda dukkansu suna arewa da layin da ya raba duniya biyu. A Najeriya akwai “the South-South”, wanda ba ya cikin kowace taswirar alƙibla. A irin waɗannan babban baƙi gargaɗi ne ga mai karatu cewa kada ya nemi wurin da kamfas, ra'ayi ne na siyasa ko na tarihi aka ba suna. Shi ya sa a zamanin yaƙin cacar baka ake rubuta “Eastern Europe” don ƙasashen da ke ƙarƙashin inuwar Mosko, har da birnin Prag, alhali ya fi Biyana (Vienna) ta Ostiriya yamma, kuma shi ya sa “East Germany” ta 1949 zuwa 1990 ta koma “eastern Germany” bayan haɗewa. Ƙasar ba ta motsa ba, gwamnatin da ke riƙe da harafin ce ta tafi. A nan ma gidaje sun saɓa: yawanci “West Africa” suke rubutawa, Guardian kuma “west Africa”, har da “the west”, amma ta bar wa “Middle East” manyan baƙaƙensa.

Kalmomin ƙasa irin su kogi da tafki da tudu ba su da wani dogon zance. Cikin suna babba, a waje ƙarami: “Lake Chad” amma “the lake is shrinking”, “the Jos Plateau” amma “a plateau”, “Kano State” amma “the state government”. Idan aka haɗa biyu ne ake samun saɓani, AP ta ce “the Niger and Benue rivers”, Chicago ta ce “Rivers”. A “sub-Saharan Africa” ɗafin farko ƙarami ne sai in shi ya buɗe jimla.

'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi da arewacin Kamaru, da suka yi karatu da Faransanci, suna da nasu tarkon idan suka zo rubuta Turanci. Faransanci ya fi rowar babban baƙi. Yana rubuta “la guerre froide” da “la guerre du Biafra” da “le lac Tchad” da “le fleuve Niger”, kalmar gama-garin tana nan ƙarama ko a cikin suna. Sunan harshe da sifar ƙasa ma haka, “le haoussa”, “le gouvernement nigérien”, alhali a Turanci “Hausa” da “Nigerien” ba sa taɓa sauka. Mai fassara tsakanin harsunan biyu sai ya sake duba kowane suna, don abin da ke daidai a wancan ɓangaren kuskure ne a wannan.

Sai batun da ya fi kusa da mu, “Northern Nigeria” ko “northern Nigeria”. A tarihi babu gardama. Daga 1900 zuwa 1914 akwai ƙasar da Turawa suka kira “the Protectorate of Northern Nigeria”, daga baya aka yi Jihar Arewa mai majalisarta da firimiyanta, Sir Ahmadu Bello, daga 1954 zuwa Janairun 1966. Duk wanda ke rubutu a kan wannan zamani babban baƙi ya wajaba a kansa, don hukuma ce mai iyaka da hatimi. A Mayun 1967 aka rushe ta aka yi jihohi shida, waɗanda yau suka zama 19. Tun daga nan babu wata hukuma mai wannan suna, shi ya sa kafafen ƙetare ke rubuta “northern Nigeria” kamar yadda suke rubuta “northern France”. Jaridun cikin gida kuwa “the North” suke rubutawa, da “Northerners”, kuma ba na ganin sun yi kuskure. Ƙa'idar da ta ba Amurkawa damar rubuta “the South” da “the Midwest”, alhali ba gwamnatin da ke da waɗannan sunaye, ita ce ta ba ɗan Najeriya damar rubuta “the North”: mai karatunsa ya san wurin a matsayin abu guda, mai gwamnoni 19 da ke zama tare da kuma tarihi na bai ɗaya. Shiyyoyi shida ma ba sa cikin tsarin mulkin 1999, amma ana raba muƙamai da su, har an kafa hukumar raya Arewa maso Gabas a 2017, don haka “the North East” suna ne a aikace.

Sai dai wanda ya yarda da wannan hujjar dole ya yarda da ita har ƙarshe. Ita ce dai ta ba mutumin Jos ko Makurɗi damar rubuta “the Middle Belt”, ta ba mutumin Kafanchan damar rubuta “Southern Kaduna”, kuma su ma babu su a jerin jihohi. Na sha ganin rubutun da ke ɗaga harafin yankin da marubucin ke so ya sauke na wanda ba ya so, a shafi guda, sannan a ce nahawu ne. Mutanen da abin ya shafa suna lura da irin wannan fiye da yadda ake zato. Shawarata ga mai rubuta rahoto ko kundin digiri ita ce ya ware ma'anoni ukun tun daga farko: “Northern Nigeria” don hukumar da ta wanzu har 1967, “northern Nigeria” don faɗin ƙasa, “the North” idan siyasar yau ake nufi kuma masu karatun 'yan gida ne. Idan kuma mujallar da zai aika wa tana bin Chicago ko AP ko wani tsarin nata, ya nemi kundinta ya bi, ya yi wa kowane yanki hukunci iri ɗaya daga shafin farko zuwa na ƙarshe.